Jigawa da gulbi: abin da zamanin ƙanƙara ya bar wa ƙasar Maraɗi

Kowace shekara ranar 3 ga watan Agusta, tun daga 1975, hukuma da talakawa suna fitowa dasa itatuwa a ko'ina cikin ƙasar Nijar. A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ma haka abin yake: a jera tukwanen dashe, a yi jawabi, a dasa, a watse. Amma akwai wata magana da take yawan fitowa daga bakin dattawa a wurin taro, har da wasu ma'aikata. Suna cewa fari da yalwa juyin zamani ne, hamada ta taɓa zuwa ta koma, daji zai komo da kansa in lokacinsa ya yi. Rabin wannan magana gaskiya ne, kuma masana sun tabbatar da shi. Ɗaya rabin shi ne yake iya jawo mana hasara. Don haka ya kamata mu san yadda abin ya gudana, domin mu gane wane icce ya cancanci a tsare, kuma a wane wuri.

SA'AD DA HAMADA TA SAUKO HAR KANO

Cikin shekaru 800,000 da suka wuce duniya ta shiga zamanin tsananin sanyi wajen sau takwas, kowane zagaye yana ɗaukar kamar shekara 100,000. Cikin ikon Allah, sanadin haka shi ne ɗan sauyin da ake samu ga yadda duniya take kewaya rana da yadda take karkata. Na ƙarshe ya kai ƙololuwarsa shekaru 21,000 da suka shige. A lokacin ƙanƙara ta rufe Kanada da arewacin Turai, kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 3. Ruwan da ya daskare ya sa teku ta ja baya da wajen mita 120, zafin duniya kuma ya ragu da maki 5 zuwa 6.

Ƙanƙara ba ta zo ƙasarmu ba. Abin da ya iske mu shi ne fari. Teku mai sanyi ba ta tada tururi da yawa, iskar damana da take kawo mana hadari daga kudu maso yamma ta yi rauni, iskar hunturu ta yi ƙarfi. Bakin hamada ya gangaro kudu da kilomita 400 zuwa 500. Tabkin Cadi ya ƙafe. Inda Agye, Cadawa, Gangara, Cadakori da Saye Sabuwa suke a yau, tudun rairayi ne tsirara, iska tana tura shi.

Shaidar wannan tana ƙarƙashin ƙafarmu. A 1958 wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya bayyana cewa tudunnan ƙasar Hausa, tun daga nan har wajen Katsina da Kano, tsohuwar hamada ce da ta mutu. Duk wanda ya bi hanya daga Gazawa zuwa Maraɗi ya san hawa da gangara ɗin nan marasa tsanani. Tudun suna jere ne daga gabas maso arewa zuwa yamma maso kudu, wato hanyar iskar hunturu. Jan launin da suke da shi ya samu ne daga baya, da ruwa ya jiƙa su shekaru dubbai, ƙarfen da ke cikin rairayin ya yi tsatsa. Wannan ita ce jigawa, wadda muke shuka hatsi da gyaɗa da wake a kanta. Saiwar ciyawa da ta itatuwa ce kaɗai take riƙe da ita. Duk manomin da ya taɓa sake shuka sau biyu ko uku domin iskar farkon damana ta binne masa tsiro, ya ga tsohuwar hamadar tana motsi.

SA'AD DA TENERE TA YI KORE

Wajen shekaru 14,500 da suka wuce ruwa ya fara komowa. Ya ɗan ɗauke, sa'an nan ya sauka sosai tun daga shekaru 11,000 har zuwa 5,500 da suka shige. Ranar bazara ta ƙara ƙarfi a arewacin duniya, ƙasa ta ɗauki zafi fiye da teku, sai iskar damana ta kutsa can cikin hamada.

Tabkin Cadi ya cika har faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, wato ya ninka jihar Maraɗi sau takwas. Tsohon bakinsa yana nan, wani dogon tudu da ya ratsa ta Bama da Maiduguri. A Dufuna, cikin jihar Yobe ta Nijeriya, wani makiyayi yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da jirgin ruwa na icce, tsawonsa ya fi mita 8, shekarunsa wajen 8,000. A Gobero, cikin Tenere, ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago ya gano a shekara ta 2000 wata maƙabarta mai kaburbura kusan 200 a bakin wani tabki da ya ƙafe, tare da ƙasusuwan dorina, kada da giwan ruwa, da masun kamun kifi na ƙashi. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, mutanen wancan zamani sun sassaƙa hoton raƙumin dawa a jikin dutse, tsayinsa ya fi mita 5. Mutum ba ya zana dabba da irin wannan kyau sai wadda ya saba gani.

A wannan lokaci ne gulaben ƙasarmu suke gudu da ruwa mai yawa. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarumfa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. Gulbin Kaba shi ma daga Nijeriya yake shigowa ta wajen Gazawa, ya yi arewa zuwa ƙasar Tasawa da Mayahi, ya karkato yamma. A yau mafi yawansa busasshen kwari ne, ruwansa yana ƙarƙashin ƙasa. Faɗin kwarinsa kaɗai ya isa ya nuna cewa ba ruwan damanar yau ne ya haƙa shi ba. Haka kuma wani kashi na ruwan da rijiyoyin burtsatse masu zurfi suke jawowa, ruwan wancan zamani ne da ya nutse. In an kwashe shi, damanarmu ba ta mayar da shi da wuri.

YADDA ITATUWA SUKA YI TAFIYA

Icce ba ya tafiya, amma irinsa yana tafiya: iska ta ɗauka, ruwa ya ɗauka, tsuntsu da dabba su ci su kai wani wuri. Kowane icce yana da ƙurar fure mai kamarta daban, kuma wannan ƙura tana daɗewa cikin taɓon gindin tabki ba ta ruɓe ba. Masana sun haƙo irin wannan taɓo a kwaruruwan ƙasar Manga, kan iyakar Nijar da Nijeriya, da tabkin Yowa a arewacin Cadi, suka karanta shi kamar littafi, shafi bisa shafi.

Abu biyu suka gano da suke da muhimmanci a gare mu. Na farko, itatuwan kudu sun yi arewa da wajen kilomita 400 zuwa 500 a zamanin yalwa, amma ba gaba ɗaya suka tashi kamar ayari ba. Kowane iri ya tafi da saurinsa, wani ya yi nisa, wani ya tsaya a hanya. Na biyu, masu son ruwa sun bi bakin gulabe da tabkuna ne, suka bar tudu ga ciyawa da ƙaya. Da fari ya komo, a nan bakin ruwan suka fi daɗewa.

Wannan shi ya sa dajin ƙasarmu gauraye ne. A gona ɗaya ta ƙasar Agye kana iya samun aduwa, magarya da anza, waɗanda danginsu suke jure wa hamada har Azbin, kusa da su kuma ga ƙirya, kanya, ɗinya, faru da tsamiya, waɗanda ƙarfinsu yake kudu inda ruwa ya fi yawa. A nan ruwan shekara yana tsakanin milimita 400 da 600. Mu muna kan mahaɗa ne, iyakar arewa ta waɗansu, iyakar kudu ta waɗansu. Iccen da yake bakin iyakarsa kuwa shi ne farkon faɗuwa in shekara ta ɓaci.

Goruba, wadda ganyenta ya ba Gulbin Kaba sunansa, tana bin inda ruwan ƙasa yake kusa. Kurmin gorubar da ke cikin kwarin nan taswirar tsohon gulbi ce. Gawo kuma yana da tasa al'ada: yana zubar da ganye da damana, ya yi kore da rani, domin saiwarsa tana sha daga ruwa mai zurfi. Shi ya sa hatsi yake kyau a gindinsa, bisashe kuma su sami abinci lokacin da babu komi.

WAƊANDA AKA BARI A BAYA

Tun wajen shekaru 5,500 da suka wuce ruwa ya riƙa ja da baya. Dabbobi da itatuwa suka yi kudu, amma waɗansu hanya ta yanke musu. A tsaunukan Bagzan da Tamgak cikin Azbin akwai wani zaitun na daji, ɗan'uwan zaitun ɗin ƙasashen bakin Bahar Rum, wanda ake samu kuma a Hoggar ta Aljeriya. Ba kasafai yake tsirowa daga ƙwaya ba yanzu. Daga tsohon kututture yake tohowa, ƙarni bayan ƙarni. A Tamgak ɗin nan akwai birai irin bika da suka rabu da 'yan'uwansu na kudu da ɗaruruwan kilomita na hamada. A wani kududdufin dutse da ake kira Arshe, cikin tsaunukan Ennedi na Cadi, da kuma Tagant ta Muritaniya, kadoji sun saura a tsakiyar hamada. Iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai har wata mota ta kāda shi a 1973, yana ajiye a gidan tarihi na Yamai. Shi ne na ƙarshe cikin wani rukunin itatuwa da suka tsiro sa'ad da wurin yake da sauran laima.

Kifaye ma suna ba da wannan labari. Giwan ruwa, karfasa, tarwaɗa da gaiwa da masunta suke kamawa a kogin Kwara, kusan su ne a tabkin Cadi, a kogin Sanagal da kogin Nilu, alhali yau babu ruwan da ya haɗa waɗannan koguna. A zamanin yalwa ne suka riƙa taɓa juna. Gaiwa kuwa, da take shiga taɓo ta yi barci har damana ta zagayo, halitta ce da ta dace da ƙasar da ruwanta yake zuwa yana tafiya.

Inda rabuwa ta daɗe, jini ma ya bambanta. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna zakin Afirka ta Yamma, wanda ya rage a gandun W da maƙwabtansa, ya fi kusa da zakin Indiya bisa ga zakin Afirka ta Kudu. Hamada da kurmi sun yi ta faɗaɗa suna tsukewa, suna raba garke da garke. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma shi ma iri ne na daban. A farkon ƙarni na 20 ana samunsa daga Sanagal har bakin tabkin Cadi. A 1996 guda 49 suka rage a duniya duka, a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tsare su sun haura 600, har a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko guda 8 aka kai gandun Gadabeji a arewacin jiharmu, inda suka ɓace tun wajen shekarun 1970, aka ƙara 4 a 2022. In da waɗannan 49 sun ƙare, babu inda za a samo irinsu.

HATSI ƊAN WANNAN JUYI NE

Ko abincinmu daga nan ya samo asali. Da hamada ta fara bushewa, makiyayan da suke tsintar ƙwayar ciyawar daji suka fara zaɓen mai kyau suna shukawa. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an sami alamun gero na gida cikin tsofaffin tukwane masu shekaru wajen 4,500. Kakan gero na daji yana nan har yau a Azbin da bakin hamada, kuma shibrar da manomi yake gani cikin gonarsa ta fito ne daga barbara tsakanin na gida da na daji.

Wannan zaɓe bai tsaya ba. Masu bincike na Nijar da na Faransa sun tara irin gero a ƙauyuka kusan 80 na ƙasar nan a 1976, suka koma waɗannan ƙauyuka a 2003. Da suka shuka tsohon da sabon gefe da gefe, sai suka ga na 2003 ya fi saurin fitar da kai. Manoma ba su yar da irinsu na gado ba, irin ne ya sauya a hannunsu cikin shekaru 27 na fari, domin cikinsa akwai mai sauri akwai mai jinkiri, aka sami na zaɓe. In da iri ɗaya tak ake shukawa a ko'ina, da ba a sami wannan mafita ba. Abin da ya tabbata ga gero ya tabbata ga daji.

INA BAMBANCIN JIYA DA YAU?

Mu komo ga maganar dattawa. Gaskiya ne hamada ta zo ta koma. Amma abu uku sun sauya.

Na farko shi ne sauri. Fitar duniya daga zamanin ƙanƙara ta ɗauki wajen shekara 10,000. A cikinsu iskar kabon da ke sama ta tashi daga kashi 180 zuwa 280 cikin miliyan. Daga tasowar masana'antu zuwa yau ta tashi daga 280 ta wuce 420, zafin duniya kuma ya ƙaru da fiye da maki ɗaya cikin shekaru 150 kacal. Ƙirya ko tsamiya tana bukatar shekaru da dama kafin ta yi 'ya'ya. Sauyin da ya fi ta sauri, ba ta iya binsa. Mun ga misali a farin 1973 da na 1984, lokacin da layin ruwan sama ya ja kudu da fiye da kilomita 100, manyan itatuwa suka mutu a tsaye. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan komo, amma yana zuwa ne da ƙarfi cikin ɗan lokaci, kamar ambaliyar 2024 da ta yi wa jihar Maraɗi ɓarna mai yawa. Zafi kuma yana shanye laimar da ta sauka.

Na biyu shi ne hanya. A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya sauka Tasawa da Gazawa, ya ratsa daji mai faɗi, wanda babu gari a cikinsa saboda yaƙi, kafin ya isa Katsina. Har cikin shekarun 1980 da 1990 giwaye suna shigowa dajin Babban Rafi daga Nijeriya. A ƙidayar 1977 mutanen jihar Maraɗi ba su cika miliyan ɗaya ba. A ta 2012 sun kai miliyan 3 da dubu 400. A kudancin jihar gona tana jingine da gona, saura ta ƙare. Ƙwayar da ta faɗi a ƙasa, in ba manomi ya so ta ba, hauya ce za ta tarbe ta.

Na uku shi ne mafaka. Kwaruruwan da suka ɓoye itatuwa a lokacin fari su ne yau aka fi matsa wa: noman rani, yankan kaba tun tana ƙarama har goruba ba ta samun tashi, saran icce, da tare ruwa daga sama. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990, ruwan Gulbin Maraɗi ya dogara ga abin da aka sako. Yarjejeniyar Maiduguri ta watan Yuli 1990 tsakanin Nijar da Nijeriya ta tanadi raba ruwan gulaben da ƙasashen biyu suka haɗa cikin adalci, har da wannan gulbi da na El Fadama. Aiki da ita ya shafi garka da rijiya, ya kuma shafi kanya da giginyar da suke bakin gulbi.

YAWAN ICCE DABAN, YAWAN IRI DABAN

Ba za a ce manoman ƙasar nan sun zauna ba. Taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kountché, ya sa maganar icce a gaba. A daidai wannan lokaci Tony Rinaudo, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, ya fara ƙarfafa wa manoman kewayen Maraɗi su bar tohon kututture su gyara shi maimakon su sare. Wannan shi ne sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kansa, da kwamitinsa na tsaro wanda ya ƙunshi maza da mata, manoma da makiyaya. Hotunan sama sun nuna an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, itatuwa kamar miliyan 200. Dokar gandun daji ta 2004 da dokar 30 ga Yuli 2020 kan sassaben zamani sun ƙara tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya raina a gonarsa. Wannan abin alfahari ne, ƙasashe da yawa sun zo koyo.

Amma mu duba abin da ya toho. Mafi yawa sabara ne, kalgo, taramniya, gawo, da ɗan aduwa da magarya. Waɗannan su ne masu taurin rai, waɗanda kututturensu ya jure wa gatari da fari. Sassaben zamani yana tada abin da yake da rai cikin ƙasa ne kawai. Inda ƙirya ta mutu aka haƙe gindinta aka yi turmi ko gawayin maƙera, babu abin da zai toho. Ka tambayi tsofaffin mata a kowane ƙauye su lissafa maka 'ya'yan itacen da suka tsinta suna yara, ka sa 'yan lakwal na yau su lissafa nasu. Bambancin da za ka ji shi ne hasarar da hoton sama ba ya nunawa. A makiyaya kuma wata ciyawa da dabbobi ba su so ta mamaye burtali, ta kore gamba da sauran ciyawa mai amfani. A wurin dashe, dogon yaro, baƙo daga Indiya, shi ya fi yawa cikin tukwane. Yana da inuwa, yana tare iska, amma ba ya maye gurbin ɗinya a kasuwa ko faru a magani.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga hukumomin gundumomi da na ƙananan hukumomi, da ma'aikatan gandun daji: a ɗauki kwarin Gulbin Kaba da na Gulbin Maraɗi a matsayin rumbun iri. A keɓe wurare da za a bar goruba ta tashi, ana yankan kaba bi da bi, da shawarar mata masu saƙar tabarma da igiya, tun da su ne abincinsu yake ciki. Gandun daji na hukuma, irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado a ƙasar Agye, a hana su zama tsibiri: a tsare burtalin da ya haɗa su da sauran daji. Saniya da akuya su ne masu kai irin gawo, aduwa da bagaruwa daga wuri zuwa wuri cikin kashinsu. Wanda ya cinye burtali ya jawo rigima da makiyayi, ya kuma toshe wa daji hanyarsa.

Ga sarakuna da masu gari: kowane ƙauye ya san tsofaffin itatuwansa da suka tsira daga 1973 da 1984. A ƙidaya su, a rubuta su, a hana saransu ko da mai gona ya matsu. Iccen da ya ga fari biyu bai faɗi ba, irinsa ya fi wanda aka kawo daga nesa dacewa da wannan ƙasa. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suna iya riƙe wannan littafi da Hausa: sunan icce, gonar da yake, watan da yake 'ya'ya.

Ga masu renon dashe: cikin kowane tukwane goma, a bar wa itatuwan gida rabonsu, ƙirya, kanya, ɗinya, danya, tsamiya, kuka. A dasa masu son ruwa a fadama da bakin tabki, masu jure ƙishi a jigawa. Rahoton shekara ya faɗi iri nawa aka dasa da nawa suka rayu bayan rani, domin yawan tukwanen da aka raba ba ya nuna komi. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Ga cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi: su taimaka wajen tara iri da ajiye shi, na itatuwa da na hatsin gado, su kuma mayar wa ƙauyuka sakamakon bincikensu cikin harshen da suke ji.

Ga manomi kuma: in kana sassabe bana ka ga tsiron da ba ka saba gani ba, kada ka yi garaje. Tambayi tsoho sunansa, ka kafa masa ƙaya.

Daji ya komo bayan zamanin ƙanƙara domin ya sami wurin ɓuya, ya sami hanya, ya sami shekaru dubbai. Shekarun ba su hannunmu. Wurin ɓuya da hanya kuwa suna cikin gonakinmu da kwaruruwanmu, kuma hukuma da talakawa suna iya tsare su tun daga wannan damana.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mu daga fari da ambaliya.